Ku daina ɗora wa risho laifin da ba nasa ba

To, an ce tsautsayi ne. Risho ya fashe da baiwar Allah a Tudun Wada, tana kwance a asibitin Shika da ke Zariya, mu kuma mun taru muna cewa wai rishon ne ya tsufa. Sannunku da bincike, injiniyoyi!

Jama'a, kananzir na gaskiya ba ya fashewa haka kawai. An zuba masa fetur ne.

A matata, ɗanyen mai ake dafawa a doguwar hasumiya, kowane kaso ya fita a nasa zafin. Fetur ne marar nauyi, yana fita daga wajen digiri 30 zuwa 200. Kananzir kuwa daga wajen 150 zuwa sama da 250. Shi ya sa sai kananzir ya ɗumama ya kai kusan digiri 38 kafin tururinsa ya kama wuta, shi kuwa fetur ko a digiri 40 ƙasa da sifili tururinsa kamawa yake. Sanyin hunturun Samaru bai dame shi ba.

Ga inda mugun abin yake. A cikin tankin risho akwai iska a saman mai. In zallan kananzir ne, tururin bai kai ya ci wuta ba. Da an ɗiga fetur kaɗan, tururin da iskar sai su haɗu daidai gwargwadon da wuta ke so. Ta bi lagwani ta sauka, shi ke nan. Kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, har ya iske murhun da ke can gefe.

Wani zai ce ai mai sayarwa a kwalba talaka ne, bai sani ba. Na ji. Amma wanda ya ga kananzir ya fi fetur tsada ya haɗa su a duro don riba fa? Da mai tankar da ya sauke fetur ya loda kananzir bai wanke ba? Su ma tsautsayi ne? Fetur aka zuba, a daina kewaye-kewaye.

Don Allah iyayenmu mata, ku gwada kafin ku ɗura. Ɗigo guda a murfin kwalba na ƙarfe, a tsakar gida nesa da jarka, a miƙa masa tsinken tsintsiya mai wuta. Na kirki ba ya kamawa nan take. In ya yi fuu, kada ya shiga risho ko fitila. Kuma kada a ƙara mai wuta na ci.

Ni abin da ma ke ci min tuwo a ƙwarya, matatar Kaduna ga ta nan kusa da mu tun 1980, an gina ta har da sashen man juye da kwalta da kakin kyandir. Yaran yanzu in sun ji an ce matata, Legas suke tunawa.