Ɗiya ta zo da ciwo, an tambaye ta aure

Ranar Litinin da hantsi, a wani CSI, ƙaramin asibitin unguwa, na cikin garin Tawa, wata ƴar kolej mai shekara 16 ta zo da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Ta ɗauki karne, ta zauna kan benci cikin masu awon ciki. Da layinta ya zo, ƙofa a buɗe, sajifam ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Kina da aure?"

"A'a, tanti."

"To me ya kawo ki nan? Ɗiyar wa ce ke?"

Yarinyar ta faɗi ciwonta ƙasa-ƙasa. Sai matar ta maimaita shi da ƙarfi har na bakin ƙofa suka ji, ta ce: "Ku ƴan lakwal kun riga kun lalace." Ɗiyar mutane ta ja hijabi ta rufe fuska, ta fita. Ba a duba ta ba.

Abin da ke ƙona rai, irin wannan ruwan sau da yawa ba ruwansa da namiji. Zafi, gumi, kamfai na leda ko shan antibiyotik na iya tayar da shi, kuma clotrimazole na ƴan kwanaki ya isa. In kuwa ciwon sanyi ne na saduwa, sai a ba da magani cikakke, misali doxycycline 100 mg safe da dare har kwana 7, a yi wa abokin ma. In an bar shi, ya hau mahaifa ya toshe hanyoyin ƙwai. Shekara goma gaba a ce mata juya, a yi mata kishiya.

Yanzu ina za ta? Wurin mai tallan magani a faranti. Ya sayar mata da kafso biyu da rana ta dafa, ciwo ya lafa bai mutu ba. Kuma ƙawayenta duka sun ji labari. Wadda aka yi wa fyaɗe, mai awa 72 kacal ta fara maganin kariya daga sida, ita ma ba za ta taka wurin ba.

Tun 2006 Nijar ke da dokar lafiyar haihuwa, a shekarar ne kuma aka ce awon ciki da tsarin iyali kyauta ne. Ina ɗakin da yarinya za ta yi magana a rufe ƙofa? CSI na duba mutane da safe, lokacin da take cikin aji. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen biyan kuɗin kyautar, magani ya yanke, ma'aikaciya ɗaya da mata cike da rumfa, ta huce kan marar gata.

Mu ma da namu laifin. Binciken 2012 ya nuna kusan uku cikin huɗu na ɗiyanmu mata an yi musu aure kafin shekara 18. Ƴar 15 mai ciki a ba ta kujera, ƴar 16 mai ƙaiƙayi a tambaye ta sunan ubanta. Uwa ba ta faɗa mata komai kan haila ba, malami ya tsallake darasin, likita ta kore ta. Wa ya rage ta tambaya?