Lambar Strong ba Ibrananci ba ce, masu wa'azi a kula

Duk mai zuwa sujada a Jos ko Kaduna ya saba jin fasto ya karanta aya, ya ɗan dakata, sannan ya ce: "A Ibrananci kalmar nan kaza take nufi, kuma sau kaza ta fito a Tsohon Alkawari." Galibi daga waya wannan adadi ya fito. An buɗe manhajar Blue Letter Bible ko e-Sword, an danna wata lamba, jerin ayoyi ya zubo. Ban ga laifin lambar ba a wurin mai koyo. Amma wanda zai hau mumbari ya kafa hujja da ƙidaya, ya kamata ya nemi kalmar da siffarta ta ƙamus a cikin nassin Ibrananci kansa, kamar yadda manhajojin Accordance da Logos da STEP suke ba da dama.

Lambobin nan aikin James Strong ne, wani malamin tauhidi Ba'amurke da ya wallafa jadawalinsa a 1890 bisa fassarar King James ta Turanci. Ya jera kalmomin Ibrananci da Aramaik ya ba su lamba daga 1 zuwa 8674, don wanda bai iya harafi ko ɗaya ba ya bi lamba ya kai ga kalmar asali. Aiki ne babba, shi ya sa har yau ake cin moriyarsa. Sai dai ya riga ƙamusun Brown, Driver da Briggs na 1906 fitowa, balle na Koehler da Baumgartner da ya zo daga baya. Abubuwan da masana suka rarrabe bayansa, a wurinsa a dunƙule suke.

Ga "bara", kalmar Ibrananci ta "halitta" a Farawa 1:1, mai lamba 1254. Masu wa'azi na son cewa Allah kaɗai ake jingina wa wannan aikatau. In ka bi lamba, sai ka ci karo da Joshuwa 17:15, inda Joshuwa yake ce wa zuriyar Yusufu su hau jeji su sare itatuwa, da kuma 1 Sama'ila 2:29, inda ake zargin gidan Eli da yi wa kansu ƙiba da hadayu. Duka ƙarƙashin 1254. To, shin faston ya yi ƙarya ne? A'a. Maganarsa tana kan hanya in ana batun sigar aikatau da ake kira Kal. Saran itacen yana sigar Piyel, ƙibar kuma Hifil, har ƙamusun Koehler da Baumgartner ya ɗauke su a matsayin kalmomi uku daban da haruffansu suka yi kama. Lambar ba ta san wannan ba. Wanda ya nemi kalmar a nassin da aka yi wa alamun nahawu, ya ƙara sharaɗin siga, shi ne zai ga abin da ke akwai.

Wanda ya yi sarfu a makarantar zaure zai gane wannan nan take, domin Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne: tushe mai haruffa uku, sai awo ya canza ma'ana. Almajirin da ya san tazarar da ke tsakanin alima da allama ba zai yarda a ba su lamba ɗaya a ce an gama ba.

Haka hesed, mai lamba 2617, wadda ake yi wa dogon wa'azi a kan ƙauna marar canzawa. A Littafin Firistoci 20:17 da Karin Magana 14:34 haruffan nan abin kunya suke nufi. Strong ya zuba su buhu ɗaya, sai ƙidayarka ta ƙaru da ayoyin da ke faɗin akasin abin da kake koyarwa. Irin wannan gyara na cikin dalilan da suka sa Goodrick da Kohlenberger suka fito da sabon tsarin lambobi a 1990 don fassarar NIV. Sakamakon haka yanzu tsari biyu ne a kasuwa, kuma lamba ɗaya tana iya nuna kalmomi biyu daban, ya danganta da Littafin da ka buɗe.

Akwai kuma matsalar inda ake binciken. Lambar maƙale take da kalmar Turanci. In mai fassara ya tsallake kalma, ko ya haɗa biyu ya mai da su ɗaya, mai yiwuwa ta ɓace daga lissafi. Ƙananan haruffan da ke manne a gaban kalma, masu ma'anar "da" ko "a cikin" ko "ga", Strong bai ba su lamba ba sam. Ga mai karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa abin ya zama hawa biyu: daga Hausa zuwa Turanci, daga Turanci zuwa lamba, kafin a leƙa Ibrananci.

Na san abin da za a ce: wa ke da lokacin koyon Ibrananci, ga ikilisiya ga gona ga iyali? Kuma gaskiya ne siffar ƙamus ma hukuncin mutane ce. Masanan da suka yi wa nassin kundin Leningrad, wani tsohon rubutun hannu na Ibrananci, alamun nahawu, irin su na makarantar tauhidi ta Westminster, su suka yanke cewa wannan kalma ɗaya ce, waccan biyu, kuma wasu masanan kan saɓa musu. Rubuta kalmar ma na da wuya, ɗigo ɗaya ya raba harafin "shin" da na "sin". Amma manhajojin yanzu sun rage wahalar: ka danna kalmar a nassin Ibrananci, ka zaɓi neman siffar ƙamus, ba sai ka buga komai ba. STEP, wanda aka fara a Tyndale House da ke Cambridge, kyauta ne. Abin da ya rage shi ne haruffa 22 da sunayen sigogi bakwai, kuma makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos suna da ikon hana ɗalibi ambaton "asalin Ibrananci" a wa'azin gwaji sai ya nuna a wane nassi ya yi bincikensa.