Teburin da Ya Ƙi Tsayuwa da Ƙafafunsa

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, kuma duk tsawon wannan lokaci a kan cinyata nake duba takardun jarrabawa, ina zaune a tabarma, jan biro a hannu, gadon baya yana kuka. A hutun Disambar bara na ga abin ya isa haka, sai na je wurin Baba kafinta da ke bakin layinmu na tambayi kuɗin tebur. Da ya faɗi farashin, wanda ya kusa kai na buhun shinkafa, sai na yi irin dariyar da mutum yake yi idan aljihunsa ba nauyi, na ce masa ai tebur ba komai ba ne illa fili ɗaya da ƙafafu huɗu, kuma wanda yake koyar da awon kusurwa ba zai rasa yadda zai haɗa shi ba. Baba bai ko ɗago kai daga aikinsa ba, ya ce, "To Malam, Allah shi ba da sa'a."

Wani maƙwabcina mai sayar da tayil yana da tarin katakon nan da ake jibga kaya a kai domin injin ya zura ƙahonninsa ya ɗaga, wanda 'yan kasuwa ke kira falet, ya kuwa ce in zaɓi guda uku kyauta. A nan ne kaɗai na yi abin kirki a cikin wannan aiki baki ɗaya, domin ɗan yayata ya riga ya gargaɗe ni da in duba hatimin da ake bugawa a gefen katakon. Wanda aka rubuta wa HT, gasa shi aka yi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 domin ƙwarin da ke ciki su mutu, wanda kuwa aka rubuta wa MB hayaƙin guba aka yi masa, bai kamata a shigar da shi ɗakin kwana ba. Na tsuguna ina leƙen gindin kowane falet kamar mai cinikin rago a kasuwar Jega, na ware masu HT, na biya mai keke Napep ya kai mini su gida. Daga nan kyautar ta fara cin kuɗi.

Babu wanda ya gaya mini labarin ƙusoshin. Ƙusar falet ba irin ta kafinta ba ce, mai murɗi ce kamar igiya, da bindigar iska ake harba ta, kuma an ƙera ta takanas domin kada ta fita. Duk katakon da na saka wa ƙarfe na ɓamɓara, sai ya gwammace ya tsage gida biyu da ya rabu da ƙusarsa. Kwana uku ina fama, daga cikin falanki 21 na tsira da guda 9, tafin hannuna ya cika da sartse har uwargida ta koma zama da allura kowane dare tana tono mini su. A rana ta huɗu na taka wata ƙusa mai tsatsa, ta ratsa silifas ta gaishe ni, aka ɗauke ni a babur zuwa allurar tetanus. Da na dawo ina ɗingishi sai na tuna ba ni da zarto, dole na sauke girman kai na koma wurin Baba aro. Ya miƙo mini bai ce uffan ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo.

Saman teburin bai ba ni wahala sosai ba. Na jera falankan, na shafa gam, na ɗinke su ta ƙasa da ƙusa. Ƙafafun na yanko daga katakan gindi masu kauri, kowace santimita 75 cif, domin shi ne tsayin da aka saba yi wa teburin rubutu, kuma sau uku na auna da tef kafin in yanka. Na kafa su, na juya teburin, na tsayar da shi a tsakar gida, na ɗora masa hannu da alfahari, sai ya gyaɗa mini kai. Na duba na ga ƙafa ɗaya tana lilo a iska, na yi lissafi cikin natsuwa, na rage sauran ukun da santimita biyu-biyu. Na ja shi zuwa inuwar darbejiya na sake gwadawa, sai wata ƙafar daban ta ɗage. Na sake ragewa. Rana ta matsa, inuwa ta matsa, ni ma na matsa da teburin, kuma duk inda na ajiye shi sai wata sabuwar ƙafa ta yi tawaye. Kafin la'asar guntayen katako sun taru a gefena kamar yankan rake, teburin kuwa ya sauko ƙasa da gwiwata.

Uwargida ta fito daga madafa, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baban Hadiza, wanga tebur na, ko kujerar tsakar gida ta?" Ban tanka ba.

Bayan sallar la'asar Baba ya shigo karɓar zartonsa. Ya kewaya teburin sau ɗaya, ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a daɓen siminti, muka tsaya muna kallon ruwan yana bin gangare, yana taruwa a ƙananan kwaruruka, yana lallaɓawa zuwa magudana. Ya ce, "Malam, tun hwarko ƙahwahun nan lahiya lau suke, daɓen ne bai daidaita ba." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kowace shekara ina tsayawa gaban allo ina gaya wa ɗalibai cewa ɗigo uku kullum suna hawa shimfiɗa ɗaya, amma na huɗu ba dole ba ne, shi ya sa abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko a kan kunya aka ajiye shi. Na sha ba yara sifili a kan wannan tambaya. Baba ya kai teburin falo, ya daidaita ƙafafun a kan santimita 40, ya karɓi ladansa, ya kuma karɓi na wasa zarton da na dakusar a kan ɓoyayyun ƙusoshi.

Na ce ko gajere ne sai ya yi sheƙi. Na goge shi da sanfefa lamba 80, sannan 120, sannan 220, har ya yi santsi kamar bayan ƙwarya, na shafa masa man sheƙi da magariba, na bar shi a waje ya sha iska saboda wari. Na manta cewa a tsakiyar hunturu muke. Da asuba na tarar hazo ya sauke masa duk ƙurar da ya kwaso daga Sahara, man ya riƙe ta gam, saman ya koma kaushi kamar sanfefar da na fara da ita, ga kuma sawun kazar uwargida ya ratsa shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, a miƙe sarai fiye da duk layin da na yanka. Na sake gogewa, na sake sayen gwangwani, na shafa a cikin ɗaki, muka kwana biyu a rumfa cikin sanyi muna jiran wari ya fita. A daren na biyu na haɗa lissafin keke da gam da ƙusa da allura da sanfefa da man sheƙi da ladan Baba, na kalli jimillar, na yaga takardar kafin wani ya gani.

Da aka koma makaranta na shigo da takardun gwajin farko, na tarar uwargida ta ɗaure injin murza taliya a bakin teburin, tana zaune a kujera 'yar tsugunno, tana cewa ba ta taɓa samun abin da ya yi mata daidai irinsa ba, Allah ya yi mini albarka. Yanzu mun yi rabon lokaci: nata ne daga safe zuwa isha'i, nawa ne daga isha'i zuwa lokacin da fitila ta mutu, ina tabarma kamar da. Makon jiya wani ɗalibi ya dawo mini da takardarsa yana kakkaɓe ta, ya ce makin bai dame shi ba, amma yana so ya san abin da ya kawo garin fulawa a kan tambaya ta huɗu.