Alhaji Maitumbi da Ƙaiƙayin Maƙogwaro

(Da sanyin safiyar hunturu a Filin Murtala da ke Kaduna, Alhaji Maitumbi ya dakatar da sassarfa yana kakari. Malam Sanikomai da wani likita mai ritaya suna zaune a gefe.)

Alhaji: Likita, ka taimake ni, domin duk ranar da na zagaya filin nan sai maƙogwarona ya kama ƙaiƙayi kamar na haɗiyi dusar gero.

Malam: Ba sai an wahalar da likita ba, Alhaji. Wannan aikin maƙiya ne, tun ranar da ka sayi sabuwar mota na san ba za su bar ka ka yi gudu lafiya ba.

Likita: Alhaji, idan kana gudu, da hanci kake numfashi ko da baki?

Alhaji: Da duk ƙofar da ta samu, likita.

Likita: To, aikin hanci ne ya ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya kuma tace ƙura. Idan ka wangale baki a cikin hazon nan, busasshiyar iska mai sanyi za ta wuce kai tsaye ta busar da maƙogwaro, balle idan ba ka sha ruwa ba. Wani kuma jikinsa ne ba ya jituwa da ƙura ko hayaƙin motoci, sai majina ta riƙa gangarowa ta bayan hanci tana sosa masa wuya.

Malam: Ai abin da na faɗa ke nan, maƙiyan ne suka turo ƙurar.

Likita: Daga hamadar Sahara take zuwa, Malam, kuma har gidanka take shiga. Alhaji, kana tari, ko ƙirjinka yana ɗaurewa, ko numfashinka yana fito bayan ka tsaya?

Alhaji: Wani lokaci har masu wucewa kan waiwayo su ga wanda ya kira su.

Likita: Wannan kam a je asibiti a gwada huhu, domin motsa jiki yana iya tsuke hanyoyin numfashi, musamman ga mai asma, kuma akwai maganin shaƙa da likita kan rubuta a yi amfani da shi kafin a fara gudu. Idan kuwa ƙaiƙayin ya zo da borin jini, kumburin leɓe ko jiri, a tsaya nan take a garzaya asibiti, wannan ba abin jira ba ne. Yanzu faɗa mini, me ka ci kafin ka fito?

Alhaji: Ɗan abin taɓawa ne kawai, waina 12 da miyar taushe, sai kunun gyaɗa da na kora da shi.

Malam: Ka manta da ragowar tsiren jiya, Alhaji, a gabana ka ƙarasa shi.

Likita: Ga babban wanda ake zargi nan. Idan ciki ya cika kuma aka girgiza shi da gudu, ruwan ciki mai tsami yakan taso har maƙogwaro, shi ne ƙwarnafi, yana kuma jawo ƙaiƙayi da yawan gyaran murya. Ka bar tazarar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci mai nauyi da motsa jiki.

Alhaji: Allah ya saka da alheri, likita. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa yin awa 2 ban ci wani abu ba, ka ga ke nan kai da bakinka ka hana ni gudu. Malam, ka zama shaida a gaban Hajiya.