Jirgin ƙasa ya shimfiɗa Zariya, talaka ya ɗauki kansa

Jiya da la'asar ina tsaye a Kwangila ina jiran motar Samaru, sai ga wata dattijuwa da jikarta, za su dubiya Shika. Ta ce min, "Ɗan nan, tun daga Ƙofar Gayan wannan ne abin hawa na uku." Na ce, "Sannu Iya, Allah ya ba da lada." Ina kallo ta kwance haɓar zaninta tana ƙirga canjin da ya rage, ko zai maido su gida. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Wahalar Iya ba yau ta samo asali ba. Kafin zuwan Turawa, Zazzau birni ne cikin ganuwa, ƙafa da jaki sun ishi mutum daga Babban Dodo zuwa kowace ƙofa. A 1911 layin dogo da ya taso daga Baro zuwa Kano ya ratso ta nan, aka kafa tasha can tsallaken kogin Kubanni, nesa da ganuwa. A gindin tashar Sabon Gari ta tsiro, da ma'aikatan reluwe da kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da auduga. Sunan PZ da kwandastoci ke kira har gobe na ɗaya daga cikin kamfanonin nan ne. A 1914 aka buɗe siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, ya yi aiki har 1957. Wani layin ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗar jirage, amma don kaya aka yi su. Babu wanda ya zauna ya tambayi yadda mutumin Birni zai riƙa zuwa aiki Sabon Gari.

Daga nan gari ya ci gaba da miƙewa kamar igiya: Tudun Wada a tsakiya, Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, sai asibitin koyarwa can Shika. Kowace hukuma ta kafa abinta a inda ta sami fili, aka bar zirga-zirga a hannun masu tasi da ƙananan bas-bas.

Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, mota da kayan gyaranta suka gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai acaɓa ta cike gurbi. Gwamnatin Babangida ta ɓullo da shirin manyan motocin sufuri a 1988, bai yi ƙarko ba. Keke Napep kuwa, da ya zo a 2001 zamanin Obasanjo, shirin rage talauci ne, an kawo shi don matasa su sami sana'a. Yau shi ne ke ɗauke da rabin garin nan a bayansa. Ni ba na cikin masu zagin 'yan acaɓa da masu keke. Yaron da ya karɓi keke bashi, kullum sai ya kai balas kafin ya ci abinci, shi ya rufa mana asiri lokacin da babu kowa. Amma keke fasinja uku ko huɗu yake ɗauka, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafin cefane. Na san ɗaliban da ke takawa daga Palladan zuwa Samaru cikin rana don su tsira da kuɗin abinci.

Mu dubi Legas. Tun 1902 suna da taragon cikin gari, ya tsaya a 1933. Gwamna Jakande ya aza harsashin jirgin cikin birni a 1983, soja suka soke aikin a 1985, jama'a suka ci gaba da cunkuso a motocin haya na molue da danfo. Sai a 2008 suka ware wa manyan bas layinsu, jirgin kuma sai 2023 ya fara ɗaukar fasinja. Shekara 40 ke nan suka yi hasara, ga tsadar diyyar gidajen da aka gina a kan hanya.

Mu namu ya fi sauƙi, domin hanya ɗaya ce ƙashin bayan garin: Ƙofar Doka, Tudun Wada, PZ, Kwangila, Samaru, Shika. A zuba manyan bas a wannan layi, masu tashi kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba, da farashi ɗaya rubuce a jiki, da rumfar jira a kowace tasha. Masu keke su riƙa kwaso mutane daga lunguna suna kawowa bakin titi, kuma a zauna da ƙungiyoyinsu tun farko, kada a wayi gari a ce an hana su aiki.

Tun 2021 ake aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, kuma ta Zariya zai bi. Ina roƙon 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su fito su gaya mana tun yanzu: wanda ya sauka a sabuwar tashar da kayansa, me zai hau ya isa Birni, kuma nawa zai biya?