Kafin ka tambayi tsayin dutsen, tambayi wa zai riƙe maka agogo

Wani ɗan yayata da ke gudun dogon zango ya zo min kwanaki da wayarsa a hannu, wai kawu duba nan, ya buɗo min hotunan wani gari a Kenya mai suna Iten, jar ƙasa, hazo, samari da 'yanmata sun kai ɗari suna gudu a jere da sassafe. Buƙatarsa dai a taimaka masa da kuɗin jirgi, shi a lissafinsa in ya yi wata uku a can saman dutse zai dawo ya zama wani abu. Na ce to wa zai horar da kai in ka je? Ya yi shiru, sannan ya ce ai kawu can ko'ina koci ne. Wannan amsar tasa ce ta sa ni wannan rubutu, don na lura ba shi kaɗai ba ne, har manyan 'yan wasa da ke cin abinci da ƙafarsu suna faɗawa wannan ramin, a yi ta lissafin mita nawa gari yake a sama a manta da mutumin da za a miƙa wa rayuwa.

Maganar tudu gaskiya ce, ba camfi ba ne. In ka hau sama kamar mita 2,000 zuwa 2,500 iska takan yi sako-sako, duk numfashin da ka ja iskar da ke shiga jininka ba ta kai ta ƙasa ba, sai ƙoda ta ji abin ta saki wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Bayan sati uku zuwa huɗu jinin ya fi iya ɗaukar iska, in ka sauko ƙasa sai ka ji kamar an ƙara maka huhu. Duniya ta farga da wannan ne sosai a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, wanda ke sama da mita 2,200. A tseren mita 10,000 Ron Clarke na Ostareliya, mai riƙe da tarihin duniya a lokacin, ya ƙare na shida ya zube a sume, aka sa masa abin shaƙar iska likitansa na durƙushe a kansa yana kuka, Naftali Temu na Kenya ya ɗauki zinare, Mamo Wolde na Habasha ya ci gudun fanfalaki, Kipchoge Keino ya bar Jim Ryun na Amurka a baya a mita 1,500. Tun daga nan kowa ya bazama neman dutse. Faransawa na da Font-Romeu, akwai St. Moritz a Suwizalan, Sierra Nevada a Sifen, Amurkawa na tururuwa Flagstaff da Boulder, Habasha na da Sululta da Bekoji da dutsen Entoto, Yuganda na da Kapchorwa.

Sai dai dutsen da ya ba ka jini shi ne kuma yake ƙwace maka sauri, don a can sama ba za ka iya taka gudun da kake takawa a ƙasa ba, ƙafa sai ta saba da jan jiki. Shi ya sa a 1997 wasu masu bincike biyu a Amurka, Levine da Stray-Gundersen, suka fito da dabarar nan ta kwana a sama a sauko ƙasa a yi atisaye mai zafi. Kuma in jikinka ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, to ko shekara ka yi a kan dutse ɓargo ba shi da abin da zai ƙera jinin da shi, wahala kawai za ka sha, barci ya ƙi, ciwon kai, ka dawo a rame. Waye zai duba duk wannan, ya ce kai sati uku ya ishe ka, ke kuma sauka ki huta, wane a auna masa jini? Mutum ne dai, dutse ba ya magana.

Ɗauki sansanin Kaptagat, wanda ni a ganina shi ne misali mafi kyau. Yana kusa da Eldoret a Kenya, tsayin wajen kamar mita 2,400, kusan ɗaya da Iten. Nan Eliud Kipchoge ya shafe shekaru yana kwana daga Litinin zuwa Asabar, iyalinsa na gari sai ƙarshen mako yake ganinsu, mutumin da ya yi fanfalaki cikin awa 1:59:40 a Biyana a 2019 kuma ya kafa tarihin 2:01:09 a Balin a 2022, amma in layin shara ko wankin banɗaki ya zo kansa sai ya ɗauki tsintsiya da bokiti kamar kowa. Kafin gari ya waye sun fita, a dawo a sha shayi da burodi, a kwanta, da yamma a sake fita a hankali, abinci ugali ne wato tuwon masararsu da ganye da wake, ranar Alhamis doguwar tafiya ta kilomita 30 ko 40 mota na bin su a baya da gorunan ruwa. Mutumin da ke cikin motar nan shi ne Patrick Sang, wanda ya ci azurfa a tseren tsallake shinge da ruwa a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, kuma tun Kipchoge na saurayi ɗan shekara goma sha shida yake rubuta masa abin da zai yi. Sama da shekara ashirin koci ɗaya. Faith Kipyegon, zakarar tseren mita 1,500, ma hannunsa take. To in tsayin wuri ne sirrin, ai ƙauyukan da ke wannan tsaunin ba su ƙirguwa, me ya sa ba kowane ne ya fitar da Kipchoge ba?

Iten ɗin da ɗan yayata ke mafarki ma, sunanta ya fito ne ta hannun wani malamin makaranta ɗan Ailan, Colm O'Connell, wanda ya zo makarantar St. Patrick's a 1976 don ya koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da kowa ba kafin nan, a hankali ya koya yana kallon yaran yana sauraronsu, har ya fitar da David Rudisha da ya yi mita 800 cikin 1:40.91 a Landan a 2012. Bekoji ta Habasha haka, ƙaramin gari ne a sama da mita 2,700, amma Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba duk ta hannun koci guda suka fara, Sentayehu Eshetu. Dutsen na nan tun kafin a haifi kakanninsu, sai da aka samu wanda zai tsaya da usur da asuba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne labarin Hellen Obiri. 'Yar Kenya ce, ga duwatsu a ƙofar gida, ta riga ta ci lambobin duniya a mita 5,000, amma da ta so komawa fanfalaki a 2022 sai ta tattara ta koma Boulder a jihar Kolorado, garin da tsayinsa bai wuce mita 1,600 da 'yan kai ba, wato ta sauko ƙasa ke nan in aka kwatanta da Iten, saboda tana son aiki da koci Dathan Ritzenhein da ƙungiyarsa ta On Athletics Club. A 2023 ta cinye Boston da New York, 2024 ta sake cinye Boston ta kuma samo tagulla a gasar Olamfik ta Faris. Jakob Ingebrigtsen kuma a Sandnes ya tashi, bakin teku a Norwe, dutse sai dai ya je masa ziyara na 'yan makonni ya dawo, abin da shi da 'yan'uwansa suka riƙe shi ne tsaga ɗan yatsa ko kunne a tsakiyar atisaye a auna jini don kar a wuce gona da iri, ga shi da zinaren Olamfik biyu.

To amma nan ne kuma inda nake son a tsaya a yi tunani, don in koci ne komai, to koci na iya zama bala'i. Ka duba yadda abin yake, an ɗauki yaro ko yarinya 'yar shekara sha takwas an kai ta wani gari can saman dutse nesa da iyaye, wanda ke cewa ta ci ko kar ta ci shi ne kocin, shi ke cewa ta yi gasa ko ta zauna, sau da yawa shi ne hanyarta zuwa ga ejan da kamfanin takalmin da ke biyan albashi, in ta yi ƙorafi kwantiragi na iya tafiya. Wannan iko ya yi yawa a hannun mutum ɗaya ko da waliyyi ne.

Nike Oregon Project, sansanin 'yan gudu na kamfanin takalma na Nike a Amurka, ya isa darasi. An kafa shi a 2001 ƙarƙashin Alberto Salazar, kuɗi kamar ƙasa, har gida suka tanada da ake rage iskar cikinsa da inji don 'yan wasa su kwana kamar a kan dutse alhali suna Portland. Mo Farah na Birtaniya ya yi shekaru a can ya tara zinare, kuma a yi masa adalci ba a taɓa kama shi da komai ba. Amma a 2019 ana tsakiyar gasar duniya a Doha hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta dakatar da Salazar shekara huɗu, kamfanin ya rufe ƙungiyar, ba a jima ba Mary Cain wadda ta shiga hannunsa tana 'yar makaranta ta fito ta ce an matsa mata ta rage ƙiba har al'adarta ta ɗauke shekara uku ƙasusuwanta biyar suka karye. Salazar ya musanta, amma daga baya an haramta masa horarwa har abada. Gidan Ingebrigtsen ma da ake yabo, uban ne kocin, a 2022 'ya'yan suka raba gari da shi, magana har kotu.

Kenyar ma ba a bar ta a baya ba, kuma wannan ne ɓangaren da masu tallan sansani ba sa sakawa a hoto. Ƙasar na cikin rukunin da hukumar ladabtar da 'yan guje-guje ta duniya ta fi sa wa ido saboda yawan waɗanda ake kamawa, EPO ɗin nan da jiki ke yi da kansa a kan dutse akwai na allura, kuma inda matasa dubu ke fafutukar fita daga talauci da ƙafa ba a rasa mai sayarwa. Mu ma abin ya taɓa mu ta gefe, Abraham Kiptum da ya cinye fanfalakin Legas a 2016 da 2017 an dakatar da shi shekara huɗu a 2019 saboda abin da aka gani a bayanan jininsa. A Iten ɗin dai aka tsinci gawar Agnes Tirop a gidanta a watan Oktoban 2021, sati kaɗan bayan ta kafa tarihin duniya a tseren kilomita 10 na mata zalla, mijinta aka gurfanar. Wallahi duk lokacin da na ga hoton ƙofar garin nan da aka rubuta gidan zakaru sai ta faɗo min a rai.

Na san za a ce ai manya ne, kowa ya zaɓi inda yake so, kuma ba a cin zinare da lallashi, dole koci ya zama mai tsauri. Ban musa ba, Sang ma ba wasa yake da su ba, kilomita 200 a sati ba shan shayi ba ne. Bambancin da nake gani shi ne ko ɗan wasa na da bakin cewa yau jikina ya ƙi a saurare shi, ko akwai likitan da ba a aljihun kocin yake ba, ko in ya ce zai tafi za a bar shi ya tafi da mutuncinsa. Kamfanonin takalma da ke zuba kuɗi a waɗannan ƙungiyoyi su ya kamata su tabbatar da haka tunda sunansu ne a ƙirjin yaran, amma abin da muka gani shi ne sai abu ya fashe a jarida sannan a fito da sanarwa.

Mu a nan gida kuma abin dariya abin tausayi, duk shekara a fanfalakin Legas baƙi daga Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, namu sai a ware musu rukunin 'yan gida, kuma in ka duba waɗanda ke gaba a wannan rukunin yawanci yaran Filato ne, 'yan wajen Jos da Pankshin. Jos na kan mita 1,200 da wani abu, tsaunin Mambila a Taraba ya kai wajen 1,600, kusan ɗaya da Boulder da Obiri ta zaɓa fa. An daɗe ana maganar a gina cibiyar horo a can, kullum gini ake tunani, katanga da geti da allon suna. Ni da za a tambaye ni, kuɗin katangar a ɗauki koci biyu uku da suka san aiki a biya su albashin shekara goma ba yankewa, a ba yara abinci da takalmi da mai auna jini, jar hanya ai Allah ya riga ya shimfiɗa ta.

Akwai kuma abu guda da ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta littattafan horo, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, lafiyarsa ƙalau a ƙasa, amma haɗuwar tudu mai tsayi da gudu mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki na iya taɓa masa saifa. Hakan bai hana mai AS gudu ba, sai dai dole wanda ke horar da shi ya sani ya kuma bi a hankali, kocin da bai taɓa tambayarka rukunin jininka ba kuwa ka san irin kulawar da za ka samu a wajensa.

Ɗan yayan nawa dai ban ba shi kuɗin jirgi ba. Na ba shi na gwajin jini, a duba masa AA ne ko AS da kuma ƙarfen jikinsa, da kuɗin motar Jos, na ce ya je ya yi wata biyu cikin masu gudun can ya ga ko zai iya tashin asuba cikin sanyin nan kullum ba fashi, kuma duk kocin da ya ce zai ɗauke shi kar ya tambaye shi zakaru nawa ya fitar, ya nemo yara biyu da suka bar hannunsa ya ji dalili daga bakinsu. Ya kira ni shekaranjiya muryarsa a dishe da mura, wai kawu su waɗannan mutanen ba sa gajiya ne, 'yar yarinya ta wuce shi a hawan tudu tana hira da ƙawarta.