"Ai Baba ba ka da aikin yi"

Wannan maganar ta ishe ni haka nan. Tun da na cika shekara 35 ina aikin gwamnati na yi ritaya, kowa ya mayar da ni ɗan aike. A da, in na ce ina ofis, magana ta ƙare. Daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ba mai taɓa lokacina, ko ɗaurin aure na rasa sai a yi mini uzuri.

Yanzu fa? Jiya da sassafe babban ɗana ya bugo waya: "Baba, tunda kana gida, don Allah ka ɗauko yara daga Islamiyya, ka biya tasha ka karɓo mini saƙo." Ko tambayar abin da ke gabana bai yi ba. Alhali ranar ce ta tantance 'yan fansho. Wuni na yi a kan benci da fayil a hammata, sa'o'ina wasu sun jingina da bango saboda ciwon gwiwa, sai bayan la'asar aka kira sunana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, abubuwan da na shekara da shekaru ina ɗokin samun sararinsu, ba a ma lissafa su a aiki. Karatun da nake ɗauka a zauren malam bayan asuba, 'yar gonata ta wake da ciyawa ke neman cinyewa, duba yayata da ke kwance wata uku. In na ce ina da uzuri, sai a yi murmushi a ce, "Wane uzuri kuma, Baba?"